Yadda ake saita gen ɗin ampili don kada wufa ta ƙone, a mota ko a jirgin ruwa

Wani yaro mai jan bas ɗin haya tsakanin Damagaram da Magarya ya shigo rumfata da hantsi, rungume da wufa, babbar sifikar nan mai fitar da bas na kiɗa, kamar mai ɗauke da jinjiri. Tun bai ajiye ta ba warin ya riga shi isowa. Duk wanda ya taɓa buɗe fanka da ta ƙone ya san wannan wari, na man da ake shafa wa wayar koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ciki, idan ya dahu. Na sa yatsu huɗu na danna takardar wufar a hankali, sai na ji tana gurzawa kamar an zuba mata yashi.

"Baba, jabu suka sayar mini. Ta biyu ke nan cikin wata uku."

"Ɗana, kawo motar in gani tukuna."

Da ya kawo, na leƙa ƙarƙashin kujerar baya inda ampili yake, wato na'urar da ke ƙara wa sautin rediyo ƙarfi kafin ya isa wufa. Ɗan maɓallin da aka rubuta wa GAIN, wanda muke kira gen, an murɗe shi har ƙarshe, na kusa da shi mai ƙara bas shi ma haka. Na ce wa ya taɓa nan? Ya ce shi ne, ai a nan ƙarfin yake. To wufar ba jabu ba ce, da hannunsa ya dafa ta. Kuma kusan duk wufar da ake kawo mini a ƙone, labarinta ke nan.

Gen ba ƙarfin murya ba ne

Wannan maɓalli, ko an rubuta masa GAIN, ko LEVEL, ko INPUT SENS, kunnen ampili ne. Rediyon mota yana aiko da sauti ta wayar RCA a matsayin ƴar wuta kaɗan. Wani rediyon bolt 2 yake fitarwa, wani 4, wani 5. Mai ƙera ampili bai san wane rediyo za a haɗa masa ba, shi ya sa ya bar maka wurin da za ka gaya wa ampilin: wannan rediyon muryarsa ƙasa-ƙasa take, buɗe kunne sosai, ko kuwa wannan mai ƙarfin murya ne, rage kunne.

Ka duba lambobin da ke kewaye da maɓallin, za ka ga a juye suke. Babbar lamba, 5V ko 6V, tana hagu inda gen yake ƙasa. Ƙaramar, kamar 0.2V, tana dama inda yake sama. Ma'ana, a can dama ampilin zai kai iyakar ƙarfinsa da ɗan sautin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na bolt ɗaya ba. Ampili mai wat 500, wat 500 ɗin ne ko gen na sama ko na ƙasa. Abin da ke canzawa kawai shi ne a kan lamba ta nawa ta rediyo zai kai wannan iyaka. In ka murɗe shi duka, tun rediyo na kan 10 ya ƙure. Daga 11 zuwa sama ba ƙarfi kake ƙarawa ba, ɓarna kake ƙarawa.

Ga yadda ɓarnar take. Sauti mai tsafta, in ka gan shi a na'ura, hawa da sauka yake yi a lanƙwashe kamar tudun rairayi. Idan aka nemi ampili ya ba da abin da ya fi ƙarfin wutar da ke cikinsa, sai ya aske kan tudun ya mai da shi shafaffe. Igiyar da aka aske sarai tana iya kai wa koyil ninki biyu na ƙarfin da mai tsafta ke kaiwa, alhali motsin takardar, wanda shi ne fifitar da ke sanyaya koyil, bai ƙaru haka ba. Zafi ya taru, man waya ya narke, zagayen wayar su manne da juna. Abin takaicin, a bas kunne ba ya saurin gane wannan askewa. Mai mota ji yake kiɗan ya yi kauri, ya yi daɗi. In ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Abin da za ka tanada

Mitar awon wuta mai nuna lamba, irin ta masu gyaran rediyo, ko ƴar ƙarama ce ta wadatar. Ƙaramin sukundireba mai faɗin baki. Wayar hannu mai kalkuleta. Da sautin gwaji na 50 Hz a kan 0 dB, wato gunji ɗaya tak wanda ba ya hawa ba ya sauka (Hz awon kauri ko sirantar sauti ne, dB kuwa desibel, awon ƙarfinsa). Ana samun sa a intanet, akwai kuma manhajojin waya masu fitar da shi. Ka nemi mai tsawon minti biyu ko uku, ko ka sa ya riƙa maimaita kansa.

Dalilin zaɓen 50 Hz biyu ne. Yana tsakiyar inda wufa ke aiki. Sannan mitoci masu araha an daidaita su ne don auna wutar gida, wadda a Nijar 50 Hz take, don haka a daidai wannan wuri ba sa yi maka ƙarya. In ka kai su can sama, wasunsu sai su fara kuskure.

Mataki na ɗaya: gano ƙarfin gaskiya

A nan aka fi yaudarar mutane. Kayan da ke shigo mana, sababbi daga Kano ko na hannu da aka ciro daga motocin Turai, a jikin kwalinsu za ka ga an zana 3000W ko 5000W da jan fenti. Wannan lambar ta talla ce. In ka ga MAX, ko PEAK, ko PMPO kusa da ita, ka kau da ido. Lambar da ake aiki da ita ita ce wadda aka rubuta wa RMS, wato ƙarfin da yake iya ci gaba da bayarwa, kuma dole a faɗi a kan om nawa, awon tirjiyar da wufa ke yi wa wuta: misali wat 300 a om 4, wat 500 a om 2. Kamfanonin da ke bin ƙa'idar awo ta Amurka mai suna CTA-2006 suna auna ƙarfin ne da wutar bolt 14.4, gurɓatar sauti kuma ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. In ka ga wannan tambari, lambar abar yarda ce.

In babu takarda babu kwali, fiyus zai tona asiri. Duba fiyus ɗin da ke jikin ampilin, in sun fi ɗaya ka haɗa lambobinsu. Ka ninka da 14.4. Abin da ya fito, in ampilin ajin D ne, irin na wufa zalla, ka ɗauki kusan kashi 80 cikin 100, in tsohon ajin AB ne mai zafi da nauyi, ka ɗauki kusan rabi ko sama kaɗan. Fiyus na amfiya 40 sau 14.4 ya ba da 576, kashi 80 ɗinsa kusan wat 460. Ampilin da aka rubuta wa 5000W amma fiyus ɗinsa na amfiya 20 ne, ko ya yi ta maza ba zai wuce wat 230 ba. Wannan lissafi rufin ɗaki yake nuna maka, gaskiyar takan kasance ƙasa da shi, saboda haka ka rage kaɗan.

Sai ka duba RMS na wufar ita ma. Tsakanin ƙarfin ampili da ƙarfin wufa, wanda ya fi ƙanƙanta shi ne lambarka. Ampili mai 500 da wufa mai 300, a kan 300 za ka saita. Ampili mai 300 da wufa mai 500, a kan 300 ɗin dai. In wufa biyu ne iri ɗaya a kan ampili ɗaya, ka haɗa ƙarfinsu.

Mataki na biyu: om nawa ampilin yake gani

Wufa mai koyil ɗaya ba ta da rikici, abin da aka rubuta a bayan maganaɗisun shi ne. Mai koyil biyu kuwa, haɗin da aka yi mata ne ke yanke hukunci. Koyil biyu masu om 4 kowanne, in ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 2. In ka jera su, baƙin na farko ya shiga jan na biyu, sun zama om 8. Masu om 2 kowanne, haɗin farko ya ba da 1, na biyu ya ba da 4.

Kada ka dogara da abin da mai haɗin farko ya gaya maka. Cire wayoyin wufar daga ampili, juya mita zuwa alamar Ω, ka taɓa bakin wayoyin biyu. Mita takan nuna ƙasa kaɗan da lambar da aka rubuta: wufa mai om 4 za ta nuna wajen 3.2 zuwa 3.6, mai om 2 wajen 1.7. Wannan daidai ne, ka yi lissafi da cikakkiyar lambar, 4 ko 2. Kada iska ko hannu su motsa takardar lokacin awo, don lambar za ta yi ta rawa.

Wani tarkon da ke kama yara masu koyon aiki: ampili mai layi biyu da aka haɗe su suka zama ɗaya, haɗin da ake rubuta wa BRIDGED. A wannan haɗi kowane layi rabin om ɗin yake gani. Yawancin irin waɗannan ampili om 4 ne iyakarsu in an haɗe su. Ka ɗora musu om 2, kowane layi ya ga 1, sai zafi da ɗaukewa, ko hayaƙi.

Mataki na uku: lissafin bolt

Ninka wat da om, ka danna alamar √ a kalkuleta. Abin da ya fito shi ne bolt ɗin da kake nema a bakin ampili.

Wat 200 a om 4: 200 sau 4, 800, √ ya ba da 28.3.
Wat 300 a om 4: 34.6.
Wat 300 a om 2: 24.5.
Wat 500 a om 2: 31.6.
Wat 500 a om 4: 44.7.
Wat 1000 a om 1: 31.6.

Ni a nan garin ba na saita kaya daidai kan lambar da ta fito, nakan rage kashi 10 cikin 100. Inda lissafi ya ce 31.6, sai in tsaya wajen 28.5. Dalilina zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar da ta wuni a rana a bakin kasuwar Dole. Koyil ɗin da ya fara aiki da zafi tun kafin a kunna kiɗa ba shi da sauran wurin haƙuri. Ragin nan na kashi 10 a bolt yana sauke wa wufa kusan kashi ɗaya cikin biyar na zafin da ke shigarta, amma a kunne bai kai desibel ɗaya ba. Ban taɓa samun mai mota da ya gane an rage ba.

Mataki na huɗu: tabbatar da wuta na isowa

Saitin gen ba ya gyara yunwar wuta. Ampili mai ba da wat 500 yana iya jan sama da amfiya 40 in bas ya buga. Tada injin, juya mita zuwa V mai miƙaƙƙen layi, ka auna a bakin ampilin kansa, tsakanin inda aka rubuta +12V da GND, wato wurin baƙar waya. Ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. In a kan batir ka ga 14 amma a bakin ampili abin ya faɗi sosai idan kiɗa ya buga, waya ce ko haɗi.

Wayar wuta ta yi kauri. Ga ampili mai wat 500 zuwa sama, ka nemi mai lamba 4 a awon Amurka, wadda ta yi kusa da mai murabba'in milimita 25 a awon da muka saba da shi. Ka kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya: in jan ya goge fari ya bayyana, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, sai ka ƙara kauri. Fiyus ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa. Wayar GND ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota inda aka kankare fenti har ya yi ƙyalli. Na sha samun ta ɗaure a kan kusar kujera mai tsatsa, mai motar kuma yana zagin ampili.

Manyan motoci masu batir biyu a jere bolt 24 suke, ampilin bolt 12 ba ya hawa kansu kai tsaye.

Mataki na biyar: mai da komai sifili

Kashe rediyo. Cire wayoyin wufa daga ampili, ka naɗe bakinsu da tef kada su taɓa juna. In akwai wani ampilin na sifikun ƙofa, zare masa RCA, don gunjin 50 Hz a kan ƙarfi yana iya yaga ƙananan sifiku. In sifikun ƙofar daga rediyo kai tsaye suke sha, su ma a cire su na ɗan lokaci.

A cikin rediyo, bas da tirebul da duk wani gyaran sauti su koma 0. LOUD ko LOUDNESS a kashe. In akwai lambar ƙarfin wufa daban, ka kai ta inda ba za ka taɓa wucewa ba, ni nakan kai ta ƙarshe, don duk abin da direba zai yi daga baya ragewa ne kawai.

A jikin ampili, gen ya koma hagu har ƙarshe. BASS BOOST a 0. Maɓallan tace sauti, da zan yi bayaninsu a mataki na bakwai, LPF a kai shi lamba mafi girma, SUBSONIC a mafi ƙanƙanta, don kada su rage ƙarfin sautin gwajin su ruɗe ka. In ampilin yana da ɗan maɓallin bas mai doguwar waya da ake kafawa kusa da sitiyari, a jona shi, a murɗe shi har ƙarshe. Wanda ya manta wannan ya saita da shi a rabi, ran da direba ya murɗe shi duk aikin ya tashi a banza.

Yanzu lambar rediyo. Yawancin rediyoyi suna fara gurɓata sauti kafin su kai ƙarshen lambarsu, don haka ake tsayawa a kashi uku cikin huɗu. Pioneer da ke ƙarewa a 62, ka tsaya wajen 46. Kenwood mai ƙarewa a 35, wajen 26. Mai 40, a 30. Ka riƙe wannan lamba, daga yau ita ce iyakar motar.

Ka saka sautin gwajin ta hanyar da mai motar ke jin kiɗa. In da filashi yake ji, a filashi. In ta Bluetooth ne, ta nan, kuma muryar wayar a ƙure ta. In ka saita da waya tana rabi, gobe wani fasinja zai jona tasa a ƙure.

Mataki na shida: awon kansa

Juya mita zuwa V mai alamar lanƙwasa, wato wutar AC, a kan zangon 200 in mitar ba mai zaɓa da kanta ba ce. Sa bakinta ja a + na fitar sifika, baƙi a − na fitar sifika. Tsakanin waɗannan biyun kawai, kada ka kai baƙin jikin mota, don a ampili da yawa dukkan bakin biyu wuta ne a cikinsu. In haɗin BRIDGED ne, ka auna a bakin biyun da wufar za ta shiga. Ɗaure bakin mitar da sukurin ampilin ya fi riƙewa da hannu, bolt 40 ɗin nan yana jan mutum in hannu na da gumi.

Tada injin. Kunna rediyo, sa sautin gwaji, kai lambar da ka tsayar. Ba za ka ji komai ba tunda wufa a cire take, mita ce za ta yi magana. Sa sukundireba ka murɗa gen zuwa dama, kaɗan-kaɗan, kamar mai ɗiga magani a ido. Lamba za ta fara hawa: 6, 11, 19. In ta matso kusa, ka ƙara sassautawa, don ɗan motsi kaɗan yakan tsallake bolt biyar. Da ta kai lambarka, ka ɗauke hannu. In ta wuce, koma baya ka sake hawowa.

Abu ɗaya da mita ba ta gani shi ne askewar igiya. Saboda haka ka lura da yadda lambar ke hawa. In kana murɗawa tana tafiya da sauri, sai ta fara nauyin hawa tun ba ta kai lambarka ba, ampilin ya ƙure, ƙarfin da aka rubuta masa ƙarya ne. Kada ka tilasta. Koma ƙasa da inda ta fara nauyi da bolt biyu ko uku, nan ne gaskiyarsa. Wasu ampilin suna da ƴar fitila mai suna CLIP, in ta fara ƙiftawa ka koma baya har ta mutu. Wanda ke wannan aiki kullum, ya dace ya sayi ƙaramar na'urar nan mai nuna siffar igiya a allo, osiloskof, yanzu akwai na aljihu. Da ita kana kallon kan tudun yana fara shafewa, gani ya kori ji.

Sau da yawa maɓallin zai tsaya ƙasa da rabi, musamman da rediyo mai bolt 4. Mai mota zai leƙo ya ce, "Malam, ai ba ka buɗe shi ba." Ka nuna masa mita.

Za ka ji wasu na cewa a saita da sautin −5 dB, don waƙoƙi ba sa zama a ƙololuwa kullum. Gaskiya ne, amma wannan yana nufin ka ba ampili damar neman ninki uku na ƙarfinsa in waƙa ta ƙure. Ga mai kunne da ke rage murya in ya ji sauti ya canza, babu laifi. Ga motar haya da yau wannan ke ja gobe wancan, da waƙoƙin yanzu da ake cika wa bas tun daga situdiyo, ni 0 dB nake amfani da shi.

Rage rediyo, kashe komai, sannan ka mai da wayoyin wufa, ja a +, baƙi a −.

Mataki na bakwai: sauran maɓallan

LPF shi ke hana muryar mawaƙi shiga wufa. Fara da 80 Hz. In ka zauna a kujerar direba kana jin bas ɗin daga baya yake fitowa, ko kana jin kalmomi a cikinsa, ya yi sama, rage. In sifikun ƙofa ƙanana ne, kana iya kai shi 100.

SUBSONIC, mai tsare sautukan da suka yi ƙasa sosai, ya fi muhimmanci ga akwati mai rami. Ƙasa da lambar Hz ɗin da aka daidaita ramin a kai, iskar akwatin ba ta riƙe takardar, sai ta yi ta fita da shiga ba sauti har ta bugi ƙasa. Sa shi tsakanin 25 da 30 Hz, ɗan ƙasa da daidaiton ramin. Akwati rufaffe bai damu da shi sosai ba.

PHASE, 0 ko 180: sa waƙa, zauna gaba, wani ya juya maka. Inda bas ya fi cika, bar shi nan.

BASS BOOST ka bar shi a 0, kuma ga dalili. Kowane desibel 3 da ka ƙara, ninki biyu na ƙarfi kake nema. Desibel 6, ninki huɗu. Wasu maɓallan har 12 ko 18 suke kaiwa, a wajen 45 Hz. Ampilin da ka gama saitawa a iyakarsa, ina zai samo ninki huɗu? In mai mota ya nace sai an sa, a sa kaɗan, sannan a sake awon gen daga farko da shi a kunne.

Bayan haka sa waƙar da ka sani sarai, ka hau da rediyo zuwa lambar iyaka. Bas ya fito a dunƙule, ba kwaf-kwaf, ba ƙarar yagewa. Bayan minti goma ka taɓa tsakiyar takardar wufa da bayan hannu, ɗumi ba laifi, zafi kuwa alama ce. Ka shinshina bakin ramin akwatin. In fitilun mota na dishewa duk bugun bas, koma mataki na huɗu. Wannan gwajin a yi shi nesa da masallaci da lokacin salla, unguwa ba ta yi maka laifin komai ba.

In a fili ne: adaidaita, motar talla, jirgin ruwa

Rufaffiyar mota tana yi wa bas kyauta. Ɗakin ƙarami ne, iska ba ta da wurin gudu, sai ƙananan sautuka su kumbura da kansu. Adaidaita sahu ba ta da wannan, haka buɗaɗɗiyar motar da ake ɗora wa baf, manyan akwatunan sifika, ana zagaya Birni da Zango ana talla. Jirgin ruwa kuwa ya fi kowa rashi: ba bango, ba rufi, ga ƙarar inji da iska. Mu nan ƙananan kwale-kwalen masunta muka sani, irin na tafkin Gidimuni, amma ƴan'uwanmu da ke aiki a jiragen shaƙatawa a kogin Isa, a Yamai, suna haɗuwa da wannan. Wufar da ke girgiza madubin mota, a kan ruwa sai ka ji kamar ba a kunna ba, hannu kuma ya tafi kan gen. Lissafin bai canza ba, wat sau om, √, mita. In bayan saiti bas bai isa ba, maganin shi ne ƙarin wufa, ko babba, ko akwatin da ya dace da ita, tare da ampilin da zai iya ciyar da su. Kafa wufar ƙasa, kusa da wani bango ko ƙarƙashin benci, yana taimakawa, kuma LPF a 100 yakan fi jin daɗi a fili.

Akwai bambanci uku a jirgi. Jikinsa katako ne ko roba mai zare, babu ƙarfen da za a ɗaura GND, don haka baƙar waya mai kauri ɗaya da ja za ta koma har batir, kuma tunda tafiyar wutar ta zama zuwa da dawowa, kaurin ya ƙaru. Ko jirgin ƙarfe ne, ba a mai da jikinsa hanyar wuta, don yana jawo cin ƙarfe. Na biyu, danshi: ana amfani da wayar jan ƙarfe mai rufin kuza, fiyus kuma ya matso batir sosai, ƙa'idar masu jiragen Amurka inci 7 ce, kusan santimita 18. Na uku, a jirgi an fi jin kiɗa inji a kashe. Batir cikakke a kashe bolt 12.6 yake, ba 14.4 ba, kuma ampili da yawa a wannan wuta kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsu kawai suke iya bayarwa. Saboda haka in a tsaye za a fi jin kiɗan, ka yi awon inji a kashe, ka rage lambarka da kusan kashi 12 cikin 100: 31.6 ta koma wajen 27.7. Wannan ya shafi mai motar da ke fakawa a gidan biki ya buɗe but ya kashe inji. Ga jirgi kuma a ware wa kiɗa batir nasa daban da na tada inji, don tsakiyar kogi ba a tura jirgi.

Adaidaita kuwa cajarta ƙarama ce, ba a yi ta don ciyar da babban ampili ba. Ƙaramin ampili ajin D da wufa mai inci 8 ko 10 ya fi mata, in ba haka ba kullum da safe sai an tura.

In babu mita

Ana iya yi da kunne, sai dai ba ya kai na mita. Bar wufa a jone, komai a sifili kamar yadda na faɗa, rediyo a kashi uku cikin huɗu, sautin 50 Hz. Hau da gen a hankali. Gunjin zai fito sumul. Daidai inda ya fara haɗuwa da wani zizar kamar ƙudan zuma ya shiga akwatin, ka koma baya har zizar ta ɓace, ka ƙara komawa kaɗan. Kada gwajin ya wuce daƙiƙa goma a jere, sautin gwaji ya fi kowace waƙa dafa koyil. Wannan hanya iyakar ampili take nuna maka, ba ta wufa ba, don haka in ampilin ya fi wufar ƙarfi kada ka bi ta, ka ari mita.

Da ka gama, ɗiga jan farce a gefen maɓallin gen ya haɗe da jikin ampili, don in an taɓa ka gani. Rubuta lambar iyakar rediyo a ɗan tef ka manna kusa da shi. Ampilin kuma kada a rufe shi da darduma ko buhu, a bar masa tazarar yatsu huɗu ta kowane gefe, in hunturu ya wuce a busa masa iska a fitar da ƙurar da ta cika haƙarƙarinsa. Yaron bas ɗin Magarya, bayan an sake naɗa masa koyil, a bolt 22 na tsayar masa, wat 300 a om 2 da ragin zafi, na rubuta masa 46 a gaban rediyo. Na kuma zare ɗan maɓallin bas ɗin da ke kusa da sitiyari, na sake awon ba shi, na ba shi a leda ya kai gida.